Batun Babura A Batsari Da Safana: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, tun daga Runka da Zakka a ƙaramar hukumar Safana har zuwa Ruma da Wagini a ƙaramar hukumar Batsari, akwai wani sauti guda mai fassara biyu. Idan aka ji rurin babura da hantsi ranar kasuwa, an san alheri ne ya taso, ga buhunan rogo da dankali, ga awaki an ɗaure a bayan goyo, ga masu sayayya daga birni. Idan kuwa aka ji irin wannan ruri bayan sallar isha, daga wajen daji, kuma babu hasken fitila, to mata kan suri 'ya'yansu ne, kowa ya nemi hanyar tsira. Ƙarfen ɗaya ne, man da yake sha ma ɗaya ne. Wannan ya sa duk lokacin da hukumomi suka rasa yadda za su yi da 'yan bindiga, babur ne abin da ya fi kusa da hannunsu, sai su kafa masa doka, su koma ofis da zaton an yi wani abu. A nawa ra'ayin, an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma talakan da ba shi da wata ƙafa sai wannan ƙarfe shi ne yake shan bugun.

Wanda bai san yankin ba, ba zai gane matsayin babur a can ba. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta haɗa Katsina da Batsari, ko wadda ta shiga Safana, sai ka faɗa cikin burtali da turbar shanu, ga yashi, ga kwazazzabai, ga rafukan da babu gada babu kwalbati. Da rani a-kori-kura kan lallaɓa ta shiga wasu garuruwan ranar kasuwa. Da damina kuwa, idan ruwa ya kawo, akwai ƙauyukan da ko direban da ya fi kowa ƙarfin hali ba zai sa motarsa ba. Kakanninmu da jaki da raƙumi suka yi fatauci a waɗannan hanyoyi, iyayenmu suka samu keke. A shekarun 1970 da 1980 babur abin ƙasaita ne, sai malamin makaranta, ko malamin gona, ko wani mai ido da kwalli za ka gani a kan Vespa ko Honda. Wajen farkon shekarun 2000 ne baburan ƙasar Sin masu araha irin su Jincheng suka malalo, daga baya Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya mamaye karkara saboda juriyarsa da ƙarancin shan mai. Tun daga nan manomi ya iya sayar da amfanin gonarsa na shekara guda ya hau nasa.

Mai karatu, yi tunanin abin da wannan ƙarfe yake yi a rana guda. Da asuba ya kai mai nono bakin hanya. Da hantsi ya ɗauko takin zamani buhu biyu zuwa gona. Malamin firamare da aka tura wani lungu, shi zai kai shi, ya kuma dawo da shi kafin la'asar. Ma'aikatan allurar rigakafin shan-inna, da akwatunan zaɓe ma kansu, a bayansa suke isa inda hukuma take son su isa. Idan naƙuda ta zo da gardama har ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, babu motar asibitin da za a kira, sai dai a zaunar da matar tsakanin matuƙi da wata 'yar uwarta da za ta riƙe ta, a kama hanya. Kuma ga dubban samarin da suka gama sakandare babu aiki, kabu-kabu ne ya hana su zaman kashe wando: wani nasa ne, wani na ubangida ne yana kai balas kullum da yamma, wani adashi aka yi aka saya masa. A bayan kowane ɗan acaɓa akwai bakanike, da mai faci, da mai sayar da kayan gyara, da mai abinci a tasha.

Ba na musun cewa wannan sauƙin da babur ya kawo wa talaka shi ne ya kawo wa azzalumi. Ɓarawon shanu na da a ƙafa yake tafiya, yana kwana biyu kafin ya nisanta da garin da ya yi wa ɓarna. Na yanzu kuwa kan fito daga daji goyon biyu ko uku, kowa rataye da bindiga, su afka wa gari su koma kafin jami'an tsaro su ɗaura takalmi. A watan Fabrairun 2020, a dare ɗaya aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Har wani samfurin Honda mai ƙarfi da gudu jama'a suka laƙaba wa sunan "Boko Haram", saboda irin waɗanda suka fi son hawansa. Duk wanda ya binne ɗan uwansa bayan irin wannan hari, idan ya ce a ƙone duk wani babur da ke duniya, ba zan ga laifinsa ba. Amma gwamnati aikinta ya wuce na mai zaman makoki.

Bari mu tuna abin da aka gwada. A watan Mayun 2019 rundunar sojin ƙasa ta hana hawa babura a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai na Arewa, har da Katsina. Ranar 31 ga Agustan 2021 kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta fito da wata doka mai faɗi: aka hana goyon mutum uku a babur, aka hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi, aka hana masu kabu-kabu fita daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, aka hana sayar da mai a jarka, aka ce gidajen mai biyu kacal za su yi aiki a kowace ƙaramar hukuma irin su Batsari da Safana, kuma kada a ba kowa man da ya wuce na N5,000. Aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin garuruwan biyu da wasu da dama, sannan cikin watan Satumba aka katse layukan waya. A Yulin 2022 ma Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta tattauna batun hana babura a faɗin Nijeriya baki ɗaya, kamar yadda ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya shaida wa manema labarai, sai dai Allah Ya taƙaita, maganar ba ta je ko'ina ba.

To, wa ya bi waɗannan dokoki? Wanda yake bi ta kan shingen jami'an tsaro, wato manomi da ɗan acaɓa. Ɗan bindiga ba ya bin kwalta balle a tsayar da shi a ƙirga mutum nawa ya goya. Mutumin da ya fito da niyyar kashe rai, tarar goyon uku ce za ta tsorata shi? Dokar hana fita da dare ta kama wanda ɗansa ya shiɗe da zazzaɓi ƙarfe goma na dare, ya zauna yana lissafi tsakanin ran yaro da kwana a caji ofis. Dokar jarka ta kama mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa a ƙauyen da ya yi nisa da gidan mai. Man kuwa bai daina shiga daji ba, tsada kawai ya ƙara, ribar masu kai shi a ɓoye ta ninka. Daga baya an janye da yawa daga cikin matakan, hare-hare kuma ba su tsaya ba a lokacin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai an hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, an hana babura a Maiduguri a 2011, an kuma hana goyo a birnin Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, kuma duniya ba ta tashi ba. Haka ne, amma waɗannan birane ne masu kwalta, inda a-daidaita-sahu da tasi da bas suka maye gurbin. Me zai maye gurbin babur tsakanin Babban Duhu da Safana cikin watan Agusta? Abin mamaki ma, ita kanta hukuma ta san amsar, domin lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ɗaruruwan babura aka raba wa dakarun, saboda babu abin da zai bi sawun babur a daji sai ɗan uwansa. 'Yan siyasarmu ma, idan zaɓe ya gabato, babura suke jerawa a fili su raba da sunan tallafi.

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Akwai wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya da ta fi mu dogaro da babur nesa ba kusa ba, wato Biyetnam. Mutanenta sun haura miliyan 100, baburan da aka yi wa rajista kuma sun wuce miliyan 70. Duk baƙon da ya sauka a Hanoi, babban birninsu, ko a birnin Ho Chi Minh, abu na farko da kan ɗaure masa kai shi ne titi. Idan danja ta ba da hannu sai ka ga babura sun ɓalle kamar an fasa dam, hannu na gogar hannu, oda na tashi ta kowane ɓangare. Miji da mata da 'ya'ya biyu a kan babur guda, wani ya ɗauro firji, wani kejin agwagi, wata mata ta rufe fuska da kyalle saboda hayaƙi tana tuƙi da takalmi mai tsini za ta ofis. Baƙo kan tsaya a bakin titi ya rasa ta inda zai tsallaka, har sai an koya masa dabarar: ka shiga a hankali, ka riƙa tafiya da taki ɗaya, kada ka tsaya, kada ka ruga, kada ka ja da baya, su matuƙan ne za su auna tafiyarka su kewaye ka kamar yadda ruwa ke kewaye dutse. Suna ma da nasu 'yan acaɓar, da suke kira da wani suna mai ma'anar "abin hawan runguma", saboda yadda fasinja ke riƙe matuƙi.

Tarihin nasu ya yi kama da namu. Bayan sun buɗe tattalin arzikinsu a 1986, babur ya zama burin kowane gida, kamfanin Honda ya kafa reshe a ƙasar a 1996, sannan wajen shekarar 2000 baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, daidai lokacin da suka cika tamu. Su ma sun gwada hani. A 2003 aka taƙaita wa kowane mutum rajistar babur ɗaya, aka kuma dakatar da sabuwar rajista a wasu unguwannin tsakiyar Hanoi. Sai mutane suka koma yin rajista da sunan dangi da ke wajen gari, cunkoso bai ragu ba, a ƙarshen 2005 aka soke dokar. Abin da ya yi aiki a wurinsu shi ne tsari. Ranar 15 ga Disamban 2007 dokar sa hular kwano ta fara aiki a duk titunan ƙasar, bayan an daɗe ana shiri da wayar da kai, kuma aka wayi gari kusan kowa da hula a ka. Mu kuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta kawo irin wannan doka ranar 1 ga Janairun 2009, ba tare da an tanadi hulunan ba, ƙwarya da bokitin fenti aka riƙa kifawa a ka a Kano, duniya tana yi mana dariya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin da suka ɗauka daga 15 ga Agustan 2023, inda lambar abin hawa ta zama ta mutum, an ɗaure ta da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Idan ka sayar da babur, lambarka tana nan a sunanka, wanda ya saya sai ya je ya yi tasa. Wannan kogin babura da baƙo ke gani kamar hauka, kowane ɗigo a cikinsa hukuma ta san mai shi.

Kada a ce na mayar da Biyetnam aljanna. Haɗarin hanya na cin dubban rayukansu a kowace shekara, hayaƙi ya addabi Hanoi har gwamnatinsu ta shiga shirin rage babura masu amfani da fetur a tsakiyar birnin, kuma ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya wadda idan ɗan sanda ya ɗaga hannu ba a musu da shi. Ba su kuma da dajin Rugu. Amma ko wannan shiri na rage baburan, sai da suka fara shimfiɗa jirgin ƙasa na cikin gari, na Hanoi a 2021, na Ho Chi Minh a 2024.

Yanzu mu dawo gida mu yi tambayar da ba a cika yi ba: daga ina baburan daji suke fitowa? Babu masana'antar Honda a cikin Rugu. Wasu ƙwace su ake yi a hannun 'yan acaɓa, sau da yawa bayan an kashe mai shi. Wasu kuwa sababbi ne dal, a cikin kwali suka bar shagon dila a birni. Kowa a yankin ya san cewa masu garkuwa da mutane kan haɗa da babur a cikin kuɗin fansa, su faɗi samfurin da suke so, iyalin wanda aka kama su sayar da gona su je su sayo, su kai har inda aka ce. Ke nan kowane ɗayan waɗannan babura ya bi ta hannun mai shigo da kaya, ya bi ta hannun dila, an haɗa shi a wajen bakanike, yana da lambar inji da lambar jiki da aka buga tun daga masana'anta. Amma ka tsaya a tashar Batsari ranar kasuwa ka ƙirga babura nawa ne ke ɗauke da lamba a baya. Za ka gaji da jira kafin ka cika yatsun hannunka. A irin wannan hali, sojan da aka kawo daga wata jiha, wanda bai san kowa ba, ta yaya zai bambance babur ɗin liman da na ɗan aiken ɓarayi? Shi ya sa yake kama duka, ko ya karɓi na goro ya saki duka.

Saboda haka wurin da ya kamata doka ta tsaya shi ne bakin shagon dila. Kada babur ya fita sai an rubuta lambar injinsa tare da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai saye, kuma a riƙa miƙa wannan rajista ga hukuma. Kasuwar Charanchi da aka taɓa hana cinikin baburan hannu a cikinta, da teburin rajista aka kafa a wurin, da an samu bayanan da rufewa ba ta bayar ba, domin da aka hana cinikin, bayan gidaje ya koma. Iyalin da aka tilasta wa sayen babur na fansa kuma, a ba su kafar da za su kai lambarsa a asirce ba tare da tsoron a kama su ba, domin yanzu tsoron hukuma ne ke sa su rufe baki, babur ɗin ya ɓace har abada. A karkara kuwa muna da abin da Biyetnam ma za ta yi sha'awa: mai unguwa ya san kowane gida, dagaci ya san masu unguwanninsa, ga Sarkin Ruma a Batsari, ga Yariman Katsina a Safana. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa sun san 'ya'yansu da suna da tasha. Idan aka haɗa littafin mai unguwa da na ƙungiya da na ƙaramar hukuma, aka ba kowane matuƙi lamba da riga mai sunan gundumarsa, baƙon babur zai fito fili kamar farar saniya a cikin baƙaƙe.

Sai dai fa a yi hattara, kada a mayar da abin hanyar tara haraji. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, sabon babur kuma ya wuce Naira miliyan ɗaya. Idan aka ce wa ɗan acaɓa ya je Katsina ya kwana biyu a layi, ya biya kuɗin da ya kai balas ɗinsa na wata guda, ba zai je ba, kuma ba zan zarge shi ba. A kawo rajistar sakatariyar ƙaramar hukuma da kasuwannin mako, a yi ta kyauta a shekarar farko. Kuɗin da za a kashe ba zai kai na motocin alfarma goma ba.

Su ma matuƙanmu, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Abin da ke tsare ɗan Biyetnam a cikin wancan cunkoso shi ne ba ya gudu, idonsa na kan wanda ke gabansa. Namu kuwa yaro ɗan shekara goma sha uku, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, an ba shi babur ya tafi ɗebo ruwa. Ranar rakiyar amarya a ɗaga tayar gaba, a kwanta a kan tanki, sai an kwashi wani zuwa wajen maɗori. Wasu kuma ƙwaya ce ke tuƙa su. Mafi muni, a cikinsu ne ake samun masu kai wa daji mai da burodi da labarin wanda ya sayar da sa a kasuwa. Shugabannin ƙungiya da suke karɓar kuɗin tikiti kowace safiya sun san waɗannan bara-gurbi, kuma idan suna son jama'a su tsaya musu ranar da hukuma ta sake waiwayo su da doka, to su fara tsame su da kansu.

A shekarar 2025 al'ummomin Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa sun zauna sulhu da wasu jagororin 'yan bindiga, aka ga mutanen daji suna fitowa taro a kan babura, aka yi maganar sakin waɗanda aka kama da buɗe kasuwanni da komawa gonaki. Kowa da ra'ayinsa kan wannan sulhu, ni ma ina da nawa. Amma duk wanda aka ce ya tuba, kuma yana son ya shigo kasuwar Batsari ko ta Runka ya yi ciniki kamar kowa, ya kamata sharaɗin shigowarsa ya haɗa da kawo babur ɗinsa gaban hakimi, a duba lambar inji, a rubuta sunansa a littafi ɗaya da na ɗan acaɓa. Idan aka tarar na wani bawan Allah ne da aka ƙwace a hanyar Ruma, a mayar wa magadansa.